Wuƙa, guduma ko ɗan tsinin makulli: wanne zai fitar da kai daga motar da ta yi haɗari?

Ƙanena ya sayi mota 'yar Kwatano bara, kuma aikinsa yana sa shi hawa titin Kano zuwa Kaduna sau biyu ko uku a wata, wani lokacin har Abuja. Wata rana da daddare ya turo mini hotunan wuƙaƙe huɗu ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, wacce zan saya in ajiye a mota? Na ga bidiyon wani da bel ya riƙe shi mota tana cin wuta, tun daga nan hankalina bai kwanta ba." Na ce masa kada ya fitar da ko sisi tukuna, ya bari ranar Asabar mu je garejin wani mai gyaran jikin mota da na saba da shi, inda motocin da suka yi haɗari suke jibge.

Abu uku na tafi da su: wuƙar aljihu mai naɗewa irin ta kowa da kowa, 'yar gudumar roba mai tsinin ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan mota, da wani ɗan tsinin fasa gilashi da bai wuce babban yatsa ba, wanda ke rataye a makullin motata. Maigidan garejin ya nuna mana wata mota da gabanta ya lotse amma gilasan ƙofofinta suna nan garau, muka yi ciniki na biya kuɗinsu, tunda shi kayan sayarwa ne a wurinsa.

Yaronsa, saurayi majiyi ƙarfi, shi ya fara. Ya ɗauki sifanar taya ya maka wa gilashin ƙofar baya a tsakiya. Sifanar ta yi tsalle ta dawo. Ya sake, ta sake dawowa. Sai a bugu na huɗu, da ya ja baya ya saki iya ƙarfinsa, gilashin ya tarwatse. Kuma wannan mutum ne a tsaye, lafiyarsa ƙalau, da filin ɗaga hannu yadda yake so. Daga nan na sa ƙanena ya shiga mazaunin direba ya ɗaura bel, muka rufe ƙofa. Ya gwada gindin wuƙar, ko tabo bai yi ba. Ya karɓi gudumar, gwiwar hannunsa tana karo da kujera duk lokacin da ya ɗaga, ya buga tsakiya sau uku a banza, sai da maigidan ya ce masa, "Alhaji ƙarami, koma kusurwa, can ƙasa," sannan ta fasa. Ɗan abin makullin kuwa, ya koma kujerar baya ya dafa shi a kusurwar ɗaya gilashin ya danna da hannun hagu. Ƙas! Gilashin gaba ɗaya ya koma kamar tsakuwar gishiri ya zube.

Da muka zo kan gilashin gaba, duk kayan nan uku sun gaza. Sai dai su bar ɗan tabo mai kama da tauraro. Maigidan ya ce, "Wannan ai mai leda ne a tsakiya, Alhaji. Ko gudumar maƙera ka kawo sai dai ka farfasa shi, ba zai zube ba."

A nan zancen yake, kuma tun kafin a yi maganar wuƙa ko guduma ya kamata mai mota ya fahimce shi. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai gasasshe, wanda ake zafafawa sama da digiri 600 sannan a sanyaya fuskarsa da iska nan take. Hakan yana sa fatarsa ta ɗaure tamau, ya fi gilashin gida ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar, shi ya sa naushi da shuri da ƙarfe mai faɗin baki ba sa yi masa komai. Amma da zarar tsini mai tauri ya huda fatar nan, ko da ɗan ɗigo ne, sai duk ɗaurin ya kwance lokaci guda ya ruguje ƙanana-ƙanana. Tsini yake tsoro fiye da nauyi. Kanikawa sun san ɗan ɓallin farin tangaran na jikin fulogi yana iya fasa shi, dalilin ke nan. Na biyu shi ne mai leda: falle biyu na gilashi da aka manne da roba a tsakani. Gilashin gaba na kowace mota irin wannan ne, don kada ya watso wa mutane a fuska.

A da, gilasan gefe kusan duk gasassu ne. Yanzu abin ya canza, musamman a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, inda dokar hana mutane faɗowa waje idan mota ta kife ta sa kamfanoni da yawa suka koma sa mai leda a ƙofofi. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar da wani gwaji a 2019. Ta gwada kayan fasa gilashi guda shida, uku masu sifirin irin ɗan abin makullin nan, uku guduma. Huɗu daga cikinsu sun fasa gasasshen gilashi, babu ko ɗaya da ya huda mai leda, kuma masu sifirin sun fi gudumomin yin nasara. Ta kuma ce kusan mota ɗaya cikin uku na samfurin 2018 tana da gilashin gefe mai leda. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin motocin Amurka na waɗannan shekarun su ne suke shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu.

Saboda haka kafin ka sayi komai, fita ka duba kusurwar kowane gilashin ƙofa. Akwai ɗan tambari a ƙasa, za ka ga an rubuta Tempered idan gasasshe ne, ko Laminated idan mai leda ne. In rubutun ya goge, sauke gilashin ka kalli bakinsa ta sama: mai leda za ka ga falle biyu da siririn layi a tsakiya. Ka duba ƙofofin duka huɗu, don motoci da yawa na gaba mai leda ne, na baya gasasshe. Idan taka haka take, to ka san tun yau cewa hanyar fitarka ta baya ce, ka kuma faɗa wa iyalinka.

Yanzu ga kayan.

Ɗan tsinin makulli, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne resqme da ake yi a Amurka tun 2003, cikinsa siririn ƙarfe ne mai tsini a kan sifirin. Kana danna kansa a jikin gilashi sifirin ɗin zai ɗaure sannan ya sake shi da ƙarfi, ya kuma koma mazauninsa da kansa, ana iya sake amfani da shi nan take. A ɗaya gefen akwai reza da aka ɓoye a cikin tsaga, wadda bel zai shiga amma yatsa ba zai shiga ba. Ana fizge shi daga maƙalinsa, ba sai an cire makulli daga mota ba. Abin da ya sa na fifita shi ga wanda yake cikin motar shi ne bai nemi komai daga gare ka ba sai dannawa. Ba ka buƙatar filin ɗaga hannu, ba ka buƙatar ƙarfi, ba ka buƙatar hannu biyu. Mace mai juna biyu, dattijo, yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda hannun damansa ya karye, duk za su iya. A cikin ruwa ma yana aiki, tunda bugun a cikin abin yake faruwa. Illarsa ƙanƙanta: idan ya suɓuce daga hannu mai jini ko gumi ya faɗa ƙarƙashin kujera, nemo shi a duhu aiki ne. Rezarsa ma ƙarama ce, bel kawai aka yi ta dominsa. Kuma da yake yana da sifirin, ƙurar hunturu da tsatsa suna iya shiga, don haka lokaci-lokaci a danna shi a jikin katako a ji yana ƙas ɗin nan.

Guduma ita ce ta fi yawa a shaguna, ita ce kuma ja ɗin nan da ake gani a manne jikin manyan motocin safa da jiragen ƙasa. Ta asali mai suna LifeHammer daga ƙasar Holan ta fito a shekarun 1980, ƙasar da magudanan ruwa suka ratsa ko'ina kuma motoci kan faɗa cikinsu. Tana da kyau a riƙo, tana cika hannu, kowa ya gan ta ya san abin da za a yi da ita ba sai an koya masa ba, kuma babu wani sifirin da zai lalace. A cikin bas, inda mutum zai iya miƙewa ya ɗaga hannu, ba ni da abin cewa a kanta. A ƙaramar mota da ta lotse kuwa, kujera ta matso, jakar iska ta fashe a gabanka, filin bugun babu shi. In ruwa ya riga ya kai kafaɗa, hannu ba ya tafiya da sauri a cikinsa. Sannan yawancin masu arha da ke kasuwa tsininsu ƙarfe ne mai laushi da aka shafa wa ƙyalli, bugu biyu bakin ya dakushe. Ga kuma matsalar ajiya: dole sai an ɗaure mazauninta da kusa ko da igiyar roba, domin gam ɗin da ake manna ta da shi ba ya jure zafin motar da aka bari a rana a watan Afrilu.

Wuƙa ita ƙanena ya fara tambaya, ita ce kuma zuciyar namiji ta fi karkata gare ta, don tana da amfani kullum: yanka igiya, fere rake, gyara waya. Amma a bambance wuƙar aljihu ta gama-gari da wuƙar ceto. Ta gama-gari ba ta fasa gilashi, mun gani da idonmu. Bel kuwa tana yankawa in tana da kaifi, sai dai ka tuna inda bel yake kwance: a kan wuya, ƙirji da mara. Mutum a kife, jikinsa na rawa, yana cusa tsinin wuƙa tsakanin bel da cikinsa ko cikin ɗansa, wannan neman wani raunin ne a kan na farko. Da yawa kuma sai da farce da hannu biyu ake buɗe su, waɗanda ba su da makari kuma suna iya naɗewa a kan yatsu.

Wuƙar ceto an yi ta ne don gyara waɗannan. Spyderco Assist, alal misali, bakinta dakusasshe ne ba tsini, kaifinta mai haƙora ne da ke cin bel da sauri, ana buɗe ta da babban yatsa ko da safar hannu, tana da ɗan tsini mai tauri da ke leƙowa a gindi idan ka matse ta a rufe, har da usur a jikin ƙotar. Victorinox Rescue Tool ta ƙasar Suwizalan, mai rawayar ƙota da ke haske a duhu, tsawonta milimita 111 a naɗe, tana da lanƙwasasshen kaifi mai dakusasshen baki na yankan bel, da tsinin fasa gilashi, da wani abu da babu shi a sauran: ɗan zarto na yanka gilashi mai leda. A cikin duk kayan aljihu da na sani, ita kaɗai ce take da amsa ga gilashi mai leda. Amma kada a ɗauka abin sauri ne. Sai an fara huda rami, sannan a yi ta zartarwa ana tsaga layi, garin gilashi yana tashi, kuma yana cin mintoci da ƙarfin dantse. Wanda yake tsaye a waje yana ƙoƙarin ciro wani zai iya. Wanda motarsa take nutsewa ba shi da wannan lokacin. Tsinin da ke gindin waɗannan wuƙaƙe ma bugawa ake yi, don haka matsalar guduma ta fili tana nan, ga hannunka dab da gilashin lokacin da zai fashe. Kuɗin ɗaya daga cikinsu kuwa zai sayi ɗan tsinin makulli fiye da biyar.

Akwai almakashin ceto, irin Leatherman Raptor, mai naɗewa, da ƙugiyar yankan bel da tsinin gilashi da abin yanke zobe. Wannan kayan ma'aikacin jinya ne ko direban motar asibiti, mai buƙatar yanke tufafi ya ga rauni. Ga mai mota kawai, ya yi yawa.

Wani abu game da wuƙa da bai kamata a tsallake ba shi ne shingen bincike. A garuruwan da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, saurayin da aka samu da wuƙa mai makari a aljihu ko a gefen kujera zai sha tambayoyi, kuma "ta ceto ce" ba lallai ta gamsar da jami'in da ya tare shi da tsakar dare ba. A filin jirgin sama kuma ba za ta shiga jakar hannu ba. Ɗan tsinin makulli da guduma ba kasafai suke jawo irin wannan kallon a hanya ba.

Sai bel. Ina jin mutane suna cewa ba sa ɗaura shi don kada ya riƙe su in mota ta kama wuta. Wannan tunanin yana ba ni tsoro ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa ga na gaban mota da kusan rabi, kuma shi ne yake hana kanka buguwa ka suma. Wanda ya suma, ko wace irin wuƙa ce a aljihunsa ba ta da amfani. Mafi yawan lokuta maɓallin bel yana buɗewa bayan haɗari, don haka shi za ka fara dannawa. Inda yakan gagara shi ne in mota ta kife nauyinka ya rataya a kansa, ko kujera ta murɗe ta danne maɓallin. Zaren bel an saƙa shi ya jure jan da ya kai kusan tan biyu, ba a tsinka shi da hannu ko haƙori. Ana jan sa ya miƙe, a sa shi cikin tsagar rezar, a ja a karkace, nesa da jiki. Sako-sako ba ya yankuwa, sai dai ya naɗe a bakin rezar, mun ga haka a garejin sai da ƙanena ya ja shi da ɗaya hannun. In kana kife, ka tokare rufin mota da hannu ɗaya kafin ka yanke, don kada ka faɗo ta ka.

Ruwa shi ne inda zaɓin nan ya fi tsanani, kuma duk damina muna ganin motocin da ruwa ya ja a kwalbati da gadojin da suka cika. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da manya. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya yi shekaru yana nutsar da motoci da mutane a ciki don gano abin da ke ceton rai, kuma abin da ya koyar gajere ne: cire bel, buɗe taga, fitar da yara, babba kafin ƙarami, ka fita. Duk a cikin minti ɗaya na farko, lokacin da motar take yawo a saman ruwa. Ba kiran waya, ba kokawa da ƙofa, domin ruwa yana danne ta daga waje, in ma ta buɗu sai ya kwararo ya nutsar da motar da sauri. Gilashi mai lantarki yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan faɗawa, saboda haka maɓallinsa za ka fara taɓawa. Abin fasawa na lokacin da maɓallin ya ƙi ne. Wanda kuma duk gilasan gefensa masu leda ne, maɓallin nan shi ne kusan duk abin da yake da shi, sai ya sauke gilashi tun kafin ya shiga wurin da ruwa ya rufe hanya, in ma ya zama dole ya shiga.

Masu baƙin gilashi su lura: ledar da ake mannawa daga baya tana riƙe gasasshen gilashi ko ya fashe. Tsinin zai yi aikinsa, gilashin ya ruguje amma ya tsaya a wurinsa kamar tabarma, sai ka tura shi waje da ƙafa ko gwiwar hannu. Zancen da ke yawo cewa ƙarafan matashin kujera an yi su ne don fasa gilashi kuwa, kada ka dogara da shi. Ba don haka aka ƙera su ba, wasu ma ba sa ciruwa, kuma juyawa ka zare shi a cikin motar da ta matse ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda abin yake ajiye ya kai ingancinsa muhimmanci. A haɗari bel yana kullewa ya manne ka da kujera, aljihun gaban fasinja ya yi maka nisa, na but kuwa ba a maganarsa. Duk abin da ba a ɗaure ba zai tashi ya faɗa inda ba ka sani ba. Wuƙar da ke aljihun wando tana ƙarƙashin bel ɗin da kake son yankewa, in kuma babbar riga ce a jikinka sai ka yi ta lalube. Gwajin mai sauƙi ne: zauna, ɗaura bel, jingina bayanka, rufe ido, ka kai hannu. In ba ka taɓa shi da kowane hannu ba, canza masa wuri. Makullin da ke jikin sitiyari ya ci wannan gwajin. Motar da ake tayarwa da maɓalli kuwa, a ɗaure shi a sandar madubi ko jikin makarin rana.

Jabu sun cika kasuwa da intanet, kamanninsu ɗaya da na asali, launi ɗaya, amma sifirin ɗin ba ƙarfi kuma rezar ba ta cin bel. Ba a gane su da ido. Ba a fafe gora ranar tafiya: tsohon gilashin ƙofa da guntun bel ba su da tsada a wurin masu kayan gyara irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sa tabarau da safar hannu, jingina gilashin, danna a kusurwa. In ya fasa, ka samu shaida, hannunka kuma ya koyi aikin.

Ga wanda ya tsaya taimako a hanya, kayan nan suna sa mutum gaggawar ciro wanda ya ji rauni, alhali jan mai karayar wuya ko gadon baya yana iya shanye masa jiki har abada. In babu wuta, babu ruwa, babu wata motar da za ta afko, a kashe injin, a tsayar da jini, a kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112, a bar shi yadda yake. In dole ne a fasa gilashi, a zaɓi wanda ya fi nisa da fuskarsa.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan. Mai ƙaramar mota da iyali, ɗan tsinin makulli na asali, biyu in da hali, ɗaya gaba ɗaya baya. Fasinjan da kullum yake cikin Sharon ko Hummer ta haya, wanda bai da iko da abin da ke cikin motar, shi ma shi ne nasa, a makullin gidansa. Direban bas ya ɗaure guduma mai kyau inda fasinjoji za su gan ta, ya riƙe ɗan tsinin a wurinsa. Wuƙar ceto ta direban doguwar hanya ce da ma'aikacin agaji da duk wanda ya san zai riƙa tsayawa ciro wasu, kuma ƙari ce a kan ɗan tsinin, ba madadinsa ba.

Kafin mu bar garejin ya zagaya motarsa yana duba tambarin kusurwa. Ƙofofin gaba biyu masu leda ne, na baya gasassu. Ya sayi 'yan tsinin guda biyu, ya rataye ɗaya a makulli, ɗayan ya ɗaure shi a ƙarfen matashin kujerarsa ta baya, inda matarsa take zama da yara, ya nuna mata kusurwar da za ta danna.